Jakin da Na Rubuta wa Maigari

Kwalayen sun iso Dutsin-Ma da hoton kyanwa da kare a jikinsu, abin da ya fara ba mu dariya ke nan. A lokacin ni malamin dabbobi ne, na shafe shekara ashirin da ɗoriya ina bin garke da allura, sai wata ƙungiya mai ceton jakuna ta ɗauke ni aikin wucin gadi. Sun kewaye wani fili a bayan gari, suna ajiye jakunan da aka ƙwato daga hannun masu loda su a mota su kai inda ake yanka su don fata. Yawancin irin waɗannan jakuna na sata ne. Inda gizo ke saƙar shi ne, in an ƙwato jaki ɗaya, mutum biyar za su zo kowa ya rantse nasa ne.

Maganin wannan rigima, in ji su, shi ne abin da ke cikin kwalayen. Wata 'yar ƙwaya ce kamar tsabar shinkafa, kowace da lambarta, ana cusa ta da allura a ƙarƙashin fatar wuya. In ka kanga wata 'yar na'ura a wurin sai ta yi ƙara, lambar ta fito, lambar kuma ta nuna mai dabbar. Hajiyar da ke shugabantar aikin ta ce a manyan birane gidajen da ke tsintar kyanwoyi da karnuka suke amfani da ita, su yi wa ɗaruruwa rajista a lokaci guda. Na ce, "Hajiya, mu nan ai kyanwa ba ta da mai ita, duk gidan da ta ji ƙamshin kifi nan ne gidan ubanta." Ta yi dariya, ta ce ai shi ya sa mu jakuna za mu yi wa.

Tsarin ba wuya. Mu bi ƙauyuka, a tara mana jakuna, abokin aikina ya yi allurar, ni in liƙa lambar a babban littafi in rubuta sunan mai jaki da garinsu. In mun dawo ofis a zuba duka cikin kwamfuta a tura gaba ɗaya. Da zarar an tura, shi ke nan, ya rufe. Babu mai iya canja ko harafi sai babban ofis, shi ma sai wanda ya yi rajistar ya rubuta takarda da hannunsa ya ce ya yi kuskure.

Ni kuwa mutum ne mai ji da littafinsa. Ba na kankara, ba na goge-goge, kuma ba na son a tsaya mini a ka ana gyara mini aiki. Akwai ranar da Hajiya ta ɗaga littafina a gaban sauran ma'aikata ta ce kowa ya duba yadda ake rajista. Na sunkuyar da kai kamar mai jin kunya, alhali kaina ya kusa taɓa silin.

Bayan an gama girbi muka je wani ƙauye a yankin Rawayau, cikin ƙasar Kurfi. An ajiye mini tebur a ƙofar gidan maigari, aka kawo wa maigarin kujera ya zauna dab da ni, dattijo mai fara'a, yana jan carbi yana tsokanar talakawansa. Jakuna sun cika fili, wannan na kuka, wancan na harbi, wani ya ga toka ya kwanta birgima da igiyarsa. Ni kuma na ɗaura niyyar in gama kafin la'asar. Ban ma ɗaga kai ba, tambaya ɗaya nake jefawa.

"Na wa ne?"

Matasa suna faɗin sunansu kai tsaye. Amma da layi ya zo kan dattawa, sai na ji wata murya ta ce, "Na maigari ne, ranka shi daɗe."

Na rubuta sunan maigari. Na gaba ma ya ce na maigari ne, na buga 'yan zane biyun nan da ake yi idan abin da ke ƙasa daidai yake da na sama. Haka na yi ta zuba su har layi tara. Na tuna ma na ce a raina, kai, wannan maigari da tarin jakuna yake, na wuce.

Babu wani uzuri da zan kawo. Ni haifaffen ƙauyen Karofi ne. Na sani sarai cewa dattijon ƙauye ba ya tsayawa gaban shugabansa ya bugi ƙirji ya ce abu kaza nawa ne. Gonarsa ta maigari ce, akuyarsa ta maigari ce, ko ɗan da ya haifa ka tambaya a gaban maigari cewa zai yi na maigari ne. Girmamawa ce kawai, kowa ya san wanda ke ba jakin dusa. Mahaifina ma haka yake magana har ya bar duniya. Mai hankali sai ya sake tambaya, ya ce to a hannun wa yake. Ni ban sake ba, ina sauri, kuma an ce sauri ya haifi nawa.

Da bazara ta kama aka tare wata mota cike da jakuna, aka sauke su a filinmu. Kwana biyu da haka sai ga wani tsoho ya zo cigiya, siriri, da 'yar sandarsa da takalmin taya. Tun kafin a buɗe masa ƙofa ya faɗi kamannin abinsa: jan jaki ne, irin wanda muke ce wa aura, kunnen hagu a tsage, da tsohon tabon akumari a gadon baya. An kwance shi daga turke ranar kasuwa. Da muka shiga, tsohon ya yi wani ɗan sauti da harshe, sai ga jaki ya ratso 'yan uwansa ya zo ya sa masa kai a hammata. Ko makaho ya san an gama shari'a.

Amma doka ta ce sai na'ura ta yi magana. Na kanga ta a wuyan jakin, ta yi ƙara, Hajiya ta duba lambar a kwamfuta.

"Baba, ai wannan ba sunanka ba ne," in ji ta. "Sunan maigarinku ne a nan."

"To, ai gaskiya ne, ɗiyata. Mu da abin hannunmu duk nashi ne. Amma ni ka ɗaure shi, ni ka kwance shi, shekara shida ke nan."

"Sai dai shi maigarin ya zo ya sa hannu."

"Allah shi jiƙan shi," in ji tsohon. "Ai ya riga mu gidan gaskiya, ko arba'in ba a yi ba."

Ina tsaye da na'urar a hannu na tuna ranar rajistar. Na ga shafin nan a idona, da 'yan zane-zanen da na jera ƙasa da sunan marigayin. A nan take ya kamata in ce, Hajiya, laifina ne. Kalma uku ce. Sai na tuna ba jaki ɗaya ba ne, tara ne, na tuna ranar da aka ɗaga littafina a gaban mutane. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Baba, ka je wurin magadansa, babban ɗansa ya sa hannu ya karɓa, ya miƙa maka." Na ce a raina ta haka za a kashe maganar, a bar kaza cikin gashinta.

Kafin ya tafi ya ja ni gefe.

"Likita," haka mutanen ƙauye ke kiran mu, "a taimaka a yi da wuri. Takin shekara na nan tule a bayan gida, ko mangala guda ban kai gona ba. Gonar kuwa da nisa, kuma jigawa ce, in ba ta sha taki ba ko irin da ka zuba ba ta maido maka. In ruwa ya sauka ban kai ba, bana sai dai mu kalli na mutane."

Na ce kada ya damu, kwana biyu ne.

Bayan kwana huɗu ya dawo shi kaɗai. Ɗan marigayin ya ƙi sa hannu. Ba mugunta ba ce, mutumin kirki ne mai tsoron Allah. Cewa ya yi ubansu bai bar jaki ba, kuma ana tsakiyar lissafin gado, ba zai sa hannu a takarda ya ce abin wani na mamaci ne ba, ko da na minti ɗaya. Wai in hukuma ce ta rubuta, hukuma ta goge. Na ji haushinsa ƙwarai, har na ce wannan wane irin taurin kai ne. Yanzu da nake rubuta wannan na san wanda ya fi taurin kai a cikinmu.

Na sake sallamar tsohon da cewa ana kan duba maganar. Ya nemi a bar shi ya ga jakin, aka bar shi. Ya shafa masa wuya, ya duba kofatansa ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Kai dai ka samu wuri, har ka yi ƙiba." Ya yi mana godiya ya kama hanya.

Kwanakin da suka biyo baya na yi ta neman ɓarauniyar hanya. Na tambayi mai kula da kwamfuta, kamar da wasa, ko ana iya gyara suna ba tare da takarda ba. Ya ce ko shi bai isa ba. Na yi tunanin in ce na'urar ce ta rikice, na ga ƙaryar ba za ta yi nisa ba tunda littafin na nan da rubutuna. Kullum da safe in na shiga filin sai in ga jan jakin nan yana cin harawar ƙungiya hankali kwance, in kawar da kai. Gabas kuwa ta fara haɗa gira da yamma, iska na kawo ƙamshin ruwan da aka yi a wani wuri. Fushi nake da kowa a kwanakin, mai gadi ma ya sha faɗa a kan bokitin da ba shi ya ajiye ba.

Ranar kwana na goma sha ɗaya, bayan azahar, ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Ina tsaye a barandar ofis ina kallon yadda yake gudu a ƙasa, mutane na ta hamdala, kowa na maganar shuka gobe da sassafe. Ni kaɗai ne ban yi murna ba. Na shiga na ɗauko littafin, na buɗe shafin, na ajiye a gaban Hajiya, na faɗa mata komai.

Na shirya wa faɗa, har na tanadi amsoshi. Ba ta yi ba. Ta duba shafin, ta ce, "Malam, tun ranar da tsohon nan ya fara zuwa ka sani?"

Na ce na sani.

Ta turo mini farar takarda da biro. "Rubuta. Duka taran."

Na rubuta, ta sa hannu, aka tura. Gyaran da na yi kwana goma sha ɗaya ina gudu, kwana biyu ya ɗauka.

Ni da kaina na nemi motar da za ta kai jakin, na bi ta. Ba mu sami tsohon a gida ba, aka yi mana kwatancen gonar, na ja igiyar na tafi a ƙasa. Tafiya ce mai ɗan tsawo cikin rairayi, ni da ba na ɗauke da komai sai da na tsaya na huta. Daga nesa na hango gonar. Gefe guda, wajen kashi ɗaya cikin huɗu, ƙasar ta yi baƙi da taki. Sauran fari fat. Shi da tsohuwar matarsa suna shuka, yana sara tana zuba iri tana takewa. A bakin gona ga wani tsohon kwando da gammo a kai. Da shi suka yi ta jidar takin a ka, sawu bayan sawu, har ruwa ya cim musu.

Da ya juyo ya gan mu, sai da ya juya jikinsa gaba ɗaya, don wuyan ba ya juyuwa. Ya jefar da sungumi ya taho da sauri-saurinsa na tsufa.

"Likita! Kai da kanka? Allahu akbar." Ya kama igiyar da hannu biyu, ya kira matarsa. "Taho ki ga mutumin da nike ba ki labari. Duk cikin ma'aikatan nan shi ɗai ya tsaya mana. Kullum na je shi ka ba ni haƙuri."

Tsohuwar ta durƙusa ta yi ta zuba mini addu'a, Allah ya raya zuri'a, Allah ya sa in gama da duniya lafiya. Na ce amin. Na tambaye shi ko takin da ya rage zai yi amfani yanzu. Ya ce za su ɗan barbaɗa a gindin shuka in ta fito, amma ba kamar wanda ruwan fari ya jiƙa ba, bana dai sai abin da Allah ya bayar. Ya faɗi haka ba tare da ɓacin rai ba, yana cire wa jakin ƙaya a wutsiya.

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba tun da na fara aiki. Na buɗe baki in gaya masa ni ne na rubuta jakinsa da sunan wani, ni ne kuma na riƙe shi har ruwa ya sauka. Na kalli wuyansa, na kalli kwandon. Na iya faɗa wa Hajiya, shi kam na kasa.

Ba su bar ni na tafi haka nan ba. Tsohuwar ta kwance bakin zanenta ta ciro ƙwan zabi guda biyar da ta tsinta a kan hanyar gona da safe, ta ce in kai wa yara. Na ce a'a, suka ce sai na karɓa. Na karɓa, na zuba a hulata, na kamo hanyar mota ina riƙe da su a hankali kada su fashe.