GPS ya kai ni gonar suruki

Jama'a, yau na'ura ta kashe wa ƙanena aure!

Da safe muka tashi daga Nasarawa, za mu ƙauye nema wa ƙanen nawa Sadiƙ aure. Hanyar ba kwalta, ba sabis. Na ɗauki GPS ɗin hannu da maƙwabcina Alhaji Bala ya matsa na saya. Shi ya saka min hanyar da ya taɓa bi, ya ce, "Bi layin nan ido rufe."

Na kuwa bi! Sai ga mota tsakiyar gero, ta kafe a laka!

Wani dattijo ya taso da fartanya. Ya ce, "Malam, ina zuwa ta cikin gonata?"

Na ce, "Yi haƙuri Baba, gidan Malam Audu za mu, neman aure."

Ya kalli geronsa a kwance. Ya ce, "Ni ne. Na ga gaisuwarku, ku koma."

Da muka samu sabis na kira Alhaji Bala. Wai dariya! "Au, ai ni da rani na bi, bayan girbi!"

Goro na nan a but ɗin mota, Sadiƙ ya daina kula ni. Mai son GPS ya zo ya ɗauka, kafin in mayar wa Alhaji shi a goshi.