Hoton jirgin da ya sa Gwaggo kuka

"Wai jirgin su Malam ne ya kama wuta?" Haka Gwaggo ta kira ni daga Safo cikin kuka, ko sallama babu.

Jiya da marece a bakin tabkin Madarunfa na ɗauki hoton wani jirgin sama da ya gitta. Sama ta yi haske, jirgin ya fito baƙi ƙirin. Na shiga gyara a waya, ina ƙara kala, har gajimare ya koma ja kamar manja, gefen jirgin ya yi fari kamar hayaƙi. Na tura wa dangi ina jiran yabo. Shaf na manta jiyan Malam, mijin Gwaggo, ya tashi Umara.

Na ce, "Gwaggo, yi haƙuri, kwalliya na yi wa hoton."

Ta ja majina ta ce, "Ɗan nan, ko kwalli in ya yi yawa makanta yake kawowa. Maƙwabta sun cika mini gida da salati, zo ka sallame su."

Yanzu na bar sama yadda Allah Ya yi ta, jirgin kawai na ɗan haskaka. Masu gyaran hoto, ku a ina kuke tsayar da hannu?