Telan da Ya Bar Rara

"To in ba ciwon ne ya dawo ba, me ya sa wurin ya yi ja haka?" in ji Kawu, idonsa a sama. "Ki faɗa mini gaskiya, 'yata."

"Bari in gani tukuna, Baba," in ji nas ɗin, tana sa safar hannu. "Sau nawa jakar ta yi yoyo a satin nan?"

"Huɗu."

"Biyar," in ji matarsa daga bakin ƙofa. "Ya ɓoye ta ranar Talata."

Kawuna tela ne. Shekara talatin da biyu yana kan keke ɗaya, a shago mai taga ɗaya, yana yi wa masu tumbi tsiya wai suna cinye masa tef ɗin awo. Wata uku da suka wuce aka yi masa tiyata saboda kansar hanji. Aka yanke inda ya lalace, aka fito da bakin hanjin ta gefen cikinsa, bayan gida na zuba cikin wata jaka da ake mannawa a fata. Sau ɗaya ya gwada komawa shago. Yana cikin auna wani, sai ya ji danshi a rigarsa, ya ajiye tef ɗin ya fice. Tun daga ranar ya rage cin abinci, ya rage magana. Shi ya sa muka dawo da shi asibiti.

Nas ɗin ta ɓare jakar a hankali, ta goge wurin da auduga da ruwan ɗumi. Ta sunkuya tana duba fatar. Ina jin numfashin Kawu.

Kowace sabuwar jaka tana da faifai mai danƙo, ana yanka rami a tsakiyarsa don bakin hanjin ya shiga. Faifan jakar da ta ɓare ta ɗaga tana dubawa.

"Wa ke yanka maka ramin nan?"

"Wa zai yanka, da tela a gida?"

"Ai ya yi faɗi, Baba."

"Rara na bari. Ba a yanka abu cif-cif. Wanda ya yi yawa a rage shi, wanda ya matse kuwa sai haƙuri."

Ta ja kujera ta zauna kusa da shi.

"A yadi haka ne. A nan, duk fatar da ka bari a buɗe, bayan gida ke cin ta. In ta ƙone danƙon ba ya kamawa, sai yoyo. Kuma bakin hanjin ya ragu tun bayan tiyata, kai kana kan awon farko."

"Tela da tsohon awo," in ji matarsa. "Da yaronka ne ya yi, da unguwa ta ji."

Kawu bai yi dariya ba.

"Ba ciwon ba ne ke nan?"

"Wannan dai ƙonewar fata ce, za ta warke. Gwajin likita yana nan a ranarsa, kada ka fasa."

Ta barbaɗa magani, ta auna wurin da wani kati mai ramuka, ta zana da'ira a sabon faifai, ta miƙa masa almakashi. Ya karɓa. Ya bi layin, bai ƙara ko zare ɗaya ba. Da ta manna, ta ɗora tafinsa a kai ta ce ya riƙe, ɗumin hannu ke sa danƙon ya kama.

"In jakar ta yi ƙara a gaban mutane fa?" ya tambaya a hankali.

"Sai ka taka keke. Wa zai ji? Ka fara da rabin yini, ka riƙa tafiya da wata jakar da wata rigar."

A hanyar gida, ina tuƙi, ya ce in tsaya a kwanar shagonsa, wai akwai wandon wani malami da ke jiransa tun kafin tiyata. Ya sauka, ya duba gaban rigarsa, ya sake dubawa.

"In ba ku gan ni da azahar ba, to ta riƙe," ya ce.

Ya lalubo makulli a aljihu ya nufi shagon, hannunsa ɗaya dafe da gefen cikinsa.