Akawu Mai Minti Arba'in

A ofishin nan, "Arba'in" kowa ke ce masa, kuma yana amsawa. Akawu ne, shi ke buga wasiƙu da rahoton taro a kwamfuta. Idanunsa sun tafi yana ɗan shekara talatin, amma yatsunsa ba su manta hanya ba. Abin da ke yi masa ido wata manhaja ce da ke karanta masa duk abin da ya buga a kunne. Kuɗin cikakkiyarta ya fi ƙarfin albashinsa nesa ba kusa ba, don haka ta gwaji yake lallaɓawa da ita. Ta yi magana minti arba'in cif, sai ta yi gum, sai an kashe kwamfutar an sake kunnawa.

Shekara bakwai ke nan yininsa a yanke yake gunduwa-gunduwa. Ko a gida ba ya iya zama. Ana tsakiyar hira sai ya zabura ya miƙe, matarsa ta ce, "Maigida, zauna mana! Ni ai ba sai an kashe ni an kunna ba." Yakan yi dariya, amma ƙafarsa ba ta daina karkaɗawa, kuma abin yana cinsa a rai ƙwarai.

Sau uku yana kai wa manaja takardar roƙon a saya masa cikakkiyar. Manajan akwai daɗin baki, hannu ne dai a dunƙule. A karo na huɗu ya karɓi ambulan ya ce, "Malam Akawu, bari mu ga taron Laraba tukuna."

Ranar Laraba manya suka zo daga hedkwata, ga kuma raɗe-raɗin za a rage ma'aikata. Akawu ya zauna a ƙarshen tebur da abin saurare a kunne, yana bugawa yana shafa agogonsa. Wani mai yawan bayani na cikin zuba, sai muryar manhajar ta ɗauke.

In ya ce a dakata, kowa zai ga buƙatarsa, amma kuma za a ce makaho ne ke tsayar da taro, sunansa ya hau takardar sallama. Ya tuna 'ya'yansa mata biyu da ke makaranta. Ya ci gaba da bugawa cikin shiru, bai san ko rubutun na shiga ba, bai san ko layi ya karkace ba. Sa'a guda cur ya yi a haka, tsoro kamar zai kashe shi.

Washegari manaja ya kira shi, murya cike da fara'a. "Aikinka na nan daram, Malam Akawu. Babu kuskure ko ɗaya!"

"Yallaɓai, ai muryar ta mutu tun minti arba'in na farko. Sauran duk a duhu na buga."

"To ka gani! Ashe ma ba ka buƙatarta."

Ya danƙa masa wani abu a hannu. Akawu ya shafa, ya gane ambulan ɗinsa ne, bakinsa a liƙe yadda ya liƙe shi. Ya koma teburinsa, ya danna maɓalli, ya zauna jiran muryar ta dawo.