Wanzamin da Bai Gama Koyo Ba

A gidanmu na Kademi ba a kashe wuta da zarar an sauke tuwo. Kakata, Iya Tabawa, takan jawo tabarmarta kusa da murhu, ta zube mana kwandon gyaɗa a gaba, ta ce wanda bai ɓare ba ba zai ji tatsuniya ba. Mu shida ne jikokinta, ni ce mai yawan tambaya. Muryarta ta yi kaushi saboda shekarun da ta yi tana hura wuta, kuma ba ta buɗe baki sai ta ga hannun kowa yana aiki. Sannan ta ce, "To, ga wata ta shigo gidan nan, ku ba ta wuri."

Yawancin tatsuniyoyinta na ban dariya ne. Guda ɗaya ce ba ma so, ita kuma ta fi maimaita ta: labarin Tanko wanzami.

Wai mutanen wani gari ne suka tura Tanko koyon wanzanci wajen wani tsoho a hayin kogi. Tsohon ya ce sai ya shekara bakwai. Ana shekara ta uku wanzamin garinsu ya rasu. Jarirai suka taru ba aski, masu ciwon baya ba mai yi musu ƙaho. Aka aiko wa Tanko sau ɗaya, aka sake, a na uku dattawa suka zo da ƙafarsu. Da zai ɗauki zabirarsa, tsohon ya ce, "Na koya maka buɗewa, ban kai ga koya maka rufewa ba." Tanko ya ce zai dawo bayan kaka. Bai dawo ba, don kullum da mai jiransa a ƙofar gida.

Ya yi shekaru yana aiki ana sa masa albarka. Wata rana aka kawo masa matar wani manomi da ƙurji a wuya. Ya sa aska yadda aka koya masa, jini ya ɓalle. Ya danna da tsumma, ya zuba toka, ya karanta duk addu'ar da ya sani, matar ta cika a hannunsa. Waɗanda suka je ɗauko shi daga hayi su ne suka kore shi daga garin.

Nan Iya take tsayawa, ta kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga zaninta.

"Iya, to laifin wa ne?" in ji ni.

"Rabi, ni ma haka aka ba ni ita. Ba a gaya mini ba."

Iya ta rasu ina sakandare. Na yi karatun lafiya na matakin farko, aka tura ni wani ƙaramin asibiti a wani ƙauye a ƙasar Ajingi, inda na shekara goma sha ɗaya ni kaɗai da mai shara. Kowa Nas Rabi yake ce mini, alhali ban taɓa shiga makarantar koyon jinya ba. Sau biyu ina samun gurbi, sau biyu ina ajiye takardar, don ba a turo wadda za ta tsaya a madadina ba.

Daminar bara wata mata mai suna Ladidi ta kawo 'yarta Hassana, mai shekara tara. Ta rame, tana amai. Na gwada jininta, ya nuna alamar zazzaɓin cizon sauro kaɗan, na ba ta maganinsa. Washegari da hantsi aka dawo da ita a goye, tana jan numfashi da ƙarfi kamar wadda ta yi gudu.

"Nas, ruwa take sha ba ta ƙoshi," in ji Ladidi. "Kuma inda ta yi fitsari kiyashi suke taruwa."

Na ji ta da kunnena, amma maganar ba ta ce mini komai ba. Na ga yarinya ta kwana biyu ba ta ci abinci ba, sai na ɗaura mata ƙarin ruwa mai sukari don ta samu ƙarfi. Kafin la'asar ta daina gane uwarta.

Muka sa ta a adaidaita sahu zuwa babban asibitin Gaya, kanta a cinyata. A can wata matashiyar nas ce ta karɓe mu, na girme ta da shekara goma ko fiye, ba ta daɗe da gama digiri ba. Ta sunkuya ta shaƙi numfashin Hassana, ta tsira mata allura a yatsa, ta duba 'yar na'urar da ke hannunta.

"Ciwon sukari ne, ya yi tsanani," ta ce a hankali. "Anti, wane ruwa kika sa mata?"

Na faɗa mata. Ta cire shi da sauri, ta kira likita. Sun yi ƙoƙari, amma da safe Hassana ta rasu.

Ni ba wanda ya kore ni. Ranar uku Ladidi ta riƙe hannuna ta ce, "Allah ya saka miki, kin yi iya yinki." Na fi wata biyu ba na iya cin abinci sosai. Duk yaron da aka shigo da shi sai in riƙa tunanin me uwarsa za ta faɗa wanda ba zan gane ba.

Bana takardar gurbi ta zo karo na uku. Labari ya bazu, mata suka taru a barandar asibiti, matar mai unguwa a gaba.

"Nas, in kin tafi, wa za mu kawo wa?" ta ce. "Ɗan abin da kika sani ai ya ishe mu."

Da suka watse Ladidi ta tsaya. Ban ankara ba sai na ce mata, "Ciwon Hassana yana da magani. Kin gaya mini alamarsa, ni ce ban sani ba. Ruwan da na sa mata ma ƙara mata ya yi."

Sai ta tambaye ni:

"Shekara nawa ne karatun?"

"Uku."

"Cikin nan nawa wata huɗu ne," ta ce. Ta gyara mayafinta ta tafi. Ba ta ce in je ba, ba ta ce in zauna ba.

Ina ƙarama na ɗauka Tanko wauta ya yi, da ya toshe kunnensa ya ƙarasa shekarunsa. Yanzu na san masu aikowa ba baƙi ba ne. Na san sunayensu, na san wadda ke da hawan jini, na san hanyar Gaya idan ruwa ya sauka. In na tafi, wasu za su nemi taimako su tarar da ƙofa a kulle. In na zauna, za su tarar da ni, ni da na sa wa Hassana ruwan nan da niyyar alheri.

Na rubuta takarda uku ina roƙon a turo wata, har yau shiru. Litinin ake rufe rajista, kuma na yanke zan tafi. Jiya na je gidan Ladidi da ranakun awo na Gaya a rubuce, da lambar mai adaidaitan da ya yarda zai ɗauke ta ko da wane lokaci ne. Ta karɓa da hannu biyu, ta ce, "Ki yi karatun da kyau." Sannan ta koma bakin murhu, ba ta rako ni ƙofa ba.