Gwajin da Na Goge Kafin Rabon Iri

Laifina ne, ba na ordinatar ba, wato kwamfuta. Lokacin ina saurayi, ban gama lise ba, wato sakandare, na koyi rubuta manhaja da harshen Python a Maraɗi, sai wani porje, shirin tallafa wa manoma, a Agiye ya ɗauke ni aiki. Sojoji ke riƙon ƙwarya, kowa zancensa zaɓe, mu kuwa irin gero muke shirin rabawa, don damina ta yi gardama, mutane sun cinye nasu.

Aikina in rubuta abin da zai lissafa tiya nawa, wato kwanon awo, kowane gida zai samu gwargwadon gonarsa. Abokiyar aikina, wata 'yar Tibiri, ita ke rubuta ƙananan gwaje-gwaje. Kowane yanki na manhajar sai ta yi masa tambayar da ta san amsarta. In ya faɗi daidai allo ya nuna kore, in ya kuskure ya nuna ja. Duk suka yi kore sai guda: matar da ba ta da gandu, sai gamana, ɗan filin da take noma wa kanta. Lissafina gandu kaɗai yake dubawa, sai ya ba ta sifili.

Na gaji ƙwarai. Wuta na ɗaukewa, shugaban buro, wato ofishinmu, na tambaya ko sai an yi girbi zan gama. Abokiyar aikina kuma ta ce in gyara, jan nan ba lalle ba ne da zai goge da kansa. Na ce to. Da ta fita salla na share gwajin, komai ya yi kore, na miƙa aikin.

Ruwa ya sauka. A ƙauyukan Gazawa matan da mazansu suka rasu, masu gamana kaɗai, ba su sami ko tiya ba, kafin a gano kuwa shuka ta wuce. Aka tambaye ni, na ce ordinatar ce.

Masu wannan sana'a, in gwaji ya yi ja ku zauna ku gyara, ko za a zage ku. Zagin shugaba bai kai yunwar wani ba.

Da kaka na je ɗaya daga ƙauyukan. Na iske wata dattijuwa tana sussukar geron wasu don a sam mata. Na durƙusa na ce, Inna, irin da ba ki samu ba ni na hana ki, da hannuna, don gajiya. Ki yafe mini.