Lemon Da Ya Raba Mijina Da Tirela

Shekara goma mijina ya yi yana tuƙa tirela. Wata rana ya tsaya gidan mai a garin Wendover na Amurka, ya ɗauki lemon gwangwani, ya tambaya ko da giya a ciki. Mai shagon ya ce, "Babu, doka ma ta yarda da shi."

Ashe da sinadarin wiwi aka haɗa shi. A satin kamfaninsu ya gwada fitsarinsa, aka ga sinadarin a ciki. Jiharmu ta bari a sayar, amma dokar tarayya ba ta ɗaga wa direbobi ƙafa. Aka sallame shi.

Ya daina zuwa masallaci saboda kunya. Na ce, "Alhaji, mu nemi lauya."

Ya ce, "Lauyan zai ce me? Ai na sha."